Kurun makarantar hawa ya raina ɗana: in cire shi ko in bar shi?

Assalamu alaikum Kawu. Ni uwa ce a nan Maraɗi, ina roƙo a sakaya sunana. Ɗana na uku, mai shekara 11, tun yana ƙarami ba shi da zance sai na doki. Bara muka sa shi wajen wani malami a bayan gari, wanda ya koyo hawa irin na Turawa a Yamai, yana koya wa yara ranakun Asabar da Lahadi. Da farko lafiya lau. Wata biyu da suka wuce aka fara koya musu tsallake shinge, aka haɗa shi da wani kuru bidi, ɗan gajere, wanda yara suka laƙaba wa suna Ɗan Duniya. Kawu, dabbar nan ta san abin da take yi. In za a ɗaura sirdi sai ya kumbura ciki. In ana tafiya sai ya fizge kai ya kama cin ciyawa. In an nufi shinge sai ya taho kamar da gaske, sai an zo dab ya turje, ko ya goce ta hagu ya nufi turkensa. Sau biyu yaron yana faɗowa ta kan wuyansa, na biyun har kansa ya bugu, ya wuni yana ciwon kai. Amma in babban almajirin malamin ya hau, ko gardama ba ya yi.

Yanzu duk daren Juma'a sai yaron ya ce cikinsa na ciwo, in na ce to a bari kuma sai ya fashe da kuka. Maigidana ɗan gidan dawaki ne, yana hawan Sallah. Shi cewa yake yaron ne ya yi sanyi, a sa wa kurun linzaminmu na gargajiya, a ba yaro ƙaimi da bulala, ko kuma ya dawo gida ya hau ingarman babansa. Surukata ta ce a cire shi kafin a kawo mata jika a karye. Malamin dariya kawai yake yi, wai kurun ne malamin. Ga shi an kusa wani ɗan biki da yara za su yi tsalle gaban iyaye, malamin yana so a ɗaga sandar shingen ta kai santimita 60. Ni ce a tsakiya. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Maraɗi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya miki shi, ya kiyaye gaba.

Bari in fara da kan da ya bugu, don shi ne abin da ba ya jira. Ba ki faɗa mini ko an kai shi asibiti ba. In ba a kai shi ba, kuma har yanzu yana ƙorafin ciwon kai, ko jiri, ko haske na damunsa, ko kin ga barcinsa da karatunsa sun canza, a kai shi likita ya duba shi, kuma kada ya sake hawa sai likita ya ce ya hau. Bugun kai na biyu a kan na farko da bai warke ba ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ko gaba in ya faɗi kika ga amai, ko barci mai nauyi, ko ya kasa tuna abin da ya faru, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jira gari ya waye. Ba ki kuma ambaci hular kwano ba. In babu, a nemo ta hawan doki daidai kansa, mai maɗauri a haɓa. Ta babur ta yi wa wuyan yaro nauyi. In da akwai kuma ita ta sha bugun nan, a sake wata, don abin da ke cikinta yakan lotse ko da waje bai nuna ba. Takalmi rufaffe mai ɗan tudun dunduniya, kada ƙafa ta zarce cikin likkafa ta maƙale. Yaron da ke yawo cikin barga kuma a tabbata rigakafinsa na tetanus ya cika. Wannan sakin layin babu ciniki a cikinsa, ko da malami ko da maigida.

To, sai yaron. Ciwon cikin daren Juma'a na gaske ne, kada a ce masa ƙarya yake yi. Tsoro ne ya sauka a ciki. Kukan da yake yi in an ce a bari shi ma na gaske ne. Yana son doki, yana tsoron shinge, kuma mai shekara 11 bai san yadda zai raba biyun a bakinsa ba, musamman a gidan da babansa ke hawa gaban Sarki. Ke za ki raba masa. Ki same shi ku biyu, ba ranar Juma'a ba, kuma ba gaban ƴan'uwansa ba. Kada ki tambaye shi ko yana so ya daina, don ya san amsar da ake jira daga ɗa namiji. Ki tambaye shi wane wuri ne a cikin darasin gabansa ke fara faɗuwa: lokacin ɗaura sirdi, ko sassarfa, ko sai an juyo an fuskanci sanda? Ki tambaye shi kuma, da a ce babu tsalle gobe, zai so zuwa? Ina kyautata zaton zai ce e da sauri. In haka ne, kin ga matsalar ta tsuke, ta koma kan sanda ɗaya.

Shi kuma Ɗan Duniya, na yi murmushi da na karanta halinsa, don duk inda ake koya wa yara hawa akwai irinsa. Kuru, wato dokin da tsayinsa a doron kafaɗa bai wuce santimita 148 ba a ma'aunin masu gasa, an san shi da wayo da ƙoshin kai. Sai dai ki cire a ranki cewa ya tsani ɗanki, ko yana kwana yana shirya masa mugunta. Doki yana koyo ne ta hanya guda: duk abin da ya yi aka sassauta masa, shi zai maimaita. Ran da ya fara gocewa ta hagu, me ya biyo baya? Yaro ya rikice, igiyar linzami ta saki, aka tsaya ana kakkaɓe ƙura, shi kuwa ya sami hutu kusa da turkensa, wataƙila har da ɗan cizon ciyawa. An biya shi lada ke nan. Sau uku aka yi haka ya zama karatu. Babban almajirin da yake hawa lafiya ba wani asiri gare shi ba. Ƙafarsa ta hagu tana rufe ƙofar gocewa tun kafin kurun ya yi tunaninta, hannunsa kuma ba ya cutar da baki.

A nan ne nake so ki tsaya ki fahimta sosai, don da wannan za ki yi magana da mazan nan biyu, maigida da malam. Idanun doki a gefen kai suke. Yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa da ƙarƙashin hancinsa. Yana auna shinge ne tun daga nesa, yana ɗaga kai yana saukewa, kuma a daidai lokacin da zai tashi sama sandar ta riga ta ɓace masa. Sannan in ya tashi dole ya miƙa wuya gaba ya lanƙwasa baya. Yaron da bai zauna daram ba, in doki ya tashi sai jikinsa ya koma baya, ya riƙe igiyar linzami don kada ya faɗi, ƙarfe ya daki bakin dokin, ya kuma dawo ya faɗa masa a gadon baya da nauyinsa duka. Daga wajen kurun, ma'anar tsalle da wannan yaron ita ce zafi a baki da duka a baya. Turjiyar da kike gani, rabinta wayo ne, rabinta kuwa kare kai ne. Kuma yaron da ya faɗi sau biyu yakan kalli ƙasa, ya sunkuya, ya ja linzami yana dukan ciki da dunduniya a lokaci guda. Hannu na cewa tsaya, ƙafa na cewa tafi. Kurun sai ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi.

Kafin a ɗora masa laifi duka, a duba jikinsa. Dokin da ke kumbura ciki ko murtuke fuska in an zo da sirdi, sau da yawa majayi ne ya taɓa cin sa, ko sirdin ya matse masa doro. A shafa gadon bayansa bayan an sauke sirdi, a ga ko yana noƙewa, ko akwai kumburi ko inda gashi ya tuje. Haƙoran doki ba sa daina fitowa sai ya tsufa sosai, gefensu kan yi kaifi ya yanki kunci, sai linzami ya zame masa azaba. A duba kofato. Likitan dabbobi zai iya duba duk wannan a zama ɗaya. Ki kuma lura yara nawa ke hawansa a rana, da kuma ko ana sa shi tsalle da tsakar ranar bazara ko cikin rairayi mai zurfi, wanda ke gajiyar da jijiyoyin ƙafa. Akasin haka ma yana faruwa: kurun da aka ɗura wa gero da dusa kwana biyar yana tsaye a turke, ran Asabar da sanyin hunturu, ai dole ya yi rawar kai. Harawa da ciyawa su yi yawa, hatsi ya ragu, a kuma motsa shi tsakiyar mako.

Yanzu maigidanki. Kada ki shiga zancen nan da shi kamar ke ce kika san doki shi bai sani ba, don ya fi ki sani, kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya: kurun ya raina yaron, kuma doki yana bukatar mahayin da in ya ce a tafi, a tafi. Garin nan da dawaki aka kafa shi. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi a kan doki suka riƙe Maraɗi, zamanin su Ɗan Baskore har ƙasar Kano mahayansu suke kai hari. Mutumin da ya gaji wannan in ya ga ɗansa na faɗowa daga kan kuru, abin yana sosa masa rai, ko bai faɗa ba. Amma kayan dokinmu an yi su ne don wani aiki dabam. Linzaminmu mai zobe a haɓa an ƙera shi ne don a tsayar da ingarma cak daga cikin sukuwa, ya yi zamiya a gaban Sarki ranar jahi. Aikinsa ke nan, tsayarwa. Tsalle kuwa yana son doki ya miƙa wuya ya dogara da hannun mahayi ba tare da tsoro ba. In aka sa wannan ƙarfen a hannun yaron da ke rataya da linzami, tsalle ɗaya zai fasa bakin kurun, daga nan ko ya daina kusantar sanda gaba ɗaya, ko ya fara taɓarya, ya miƙe a kan ƙafafun baya. Taɓarya ta fi turjiya haɗari, don doki kan iya kifewa a kan yaro. Ƙaimi ma haka: ƙafar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba za ta yi ta sukar dabba ba da niyya ba. Shi ma sirdinmu mai tudu gaba da baya yana riƙe mutum a zaune, ga shi tsalle yana so mahayi ya ɗaga daga sirdi.

Ko Turawan ba da wannan sanin aka haife su ba. Har ƙarshen ƙarni na 19 sojojin dokinsu jingina baya suke yi suna jan linzami in za su tsallake shinge. Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya tsaya ya kalli yadda doki ke tsalle in babu kowa a kansa, ya ce a gajarta likkafa, mahayi ya ɗan tashi ya bi dokin gaba, hannu ya bi baki. Abin da malamin ɗanki ya koyo a Yamai ke nan. Ki ba maigida wannan labarin in kin ga fuska, mazan dawaki suna son irinsa. Abin da ya fi, ki roƙe shi ya je da kansa ran Asabar ya tsaya ya kalli hannun yaron da bakin kurun a lokacin tsalle. Mai idon doki ba sai an yi masa bayani ba. Zancen ingarma kuwa, a jingine shi tukuna. In yana so ya koya wa ɗansa hawan gida, ya riƙe ragama da kansa su yi tafiya a hankali da yamma, uba da ɗa. Wannan zai ƙara wa yaron zama a sirdi, ya kuma nuna masa babansa bai fid da rai da shi ba, wanda ina jin ya fi komai damunsa.

Malamin ne nake da magana da shi. Cewa kurun ne malami akwai ƙamshin gaskiya, don yaron da bai taɓa hawa sai doki mai ladabi ba bai iya hawa ba tukuna. Amma dariya ba darasi ba ce. Faɗuwa biyu a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, tana nufin an ɗaga sanda kafin yaro ya kai, kuma gyaran wannan aikin wanda ake biya ne. Ki je ke da maigida, ko ki tura shi da saƙon, a same shi a gefe ba gaban yara ba, a fara da godiya, sannan a nemi a mayar da yaron baya na ƴan makonni.

Ga abin da nake nufi da baya. A sa kurun a doguwar igiya, malam na tsakiya yana juya shi, yaro na kai ba ya riƙe da linzami, yana koyon tsayuwa a likkafa cikin tafiya da sassarfa, dunduniya ƙasa, ido gaba, har ya iya zagaye fili bai dafa komai ba. A ɗaura wata ƴar ɗamara a wuyan kurun, ko tsohuwar igiyar likkafa ta isa, yaro ya riƙa kama ta ko ya kama geza a duk lokacin tsalle. Babu abin kunya a ciki, manyan mahaya ma suna kama geza. Daga nan sanduna a kwance a ƙasa, ɗaya tukuna, sannan uku ko huɗu a jere, tsakaninsu kamar mita ɗaya ko da ɗan ɗori gwargwadon takun kurun, a bi ta tsakiyarsu da sassarfa har abin ya gundure su duka biyun. Sai a gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu ƙasa-ƙasa yadda ko a tsaye kurun zai iya taka ta ya wuce. Amfanin ƙaramin shinge ke nan: in ya turje ba a juya shi, ana sa shi ya ƙetare daga inda ya tsaya, sai turjiya ta daina biya. A jingina wata sanda a gefen hagu ta zama katanga. In ya goce duk da haka, a tsayar da shi nan take, a juyo shi ta dama, wato a mayar da shi ta inda ya ƙi, kada a bar shi ya ƙarasa zagayen da ya zaɓa, kada kuma a bar shi ya kai turke. A farkon kafa shingen ma a sa shi yadda tsallen zai fuskanci wajen barga, sai an samu sa'a a juya. Ƴar bulala gajera tana da wurinta, taɓawa ɗaya a bayan ƙafa in ya yi biris da umarni, a daidai lokacin, amma malam ne zai ce yaushe yaron ya isa riƙe ta. Dukan huce haushi bayan an riga an faɗi ba ya koya wa doki komai sai tsoron mutum. Cin ciyawa kuwa gyaransa sauƙi gare shi: igiya daga linzami zuwa gaban sirdi, mai sakin da zai miƙa wuya amma ba zai kai baki ƙasa ba, a yi aikin fili da ita, a cire in za a yi tsalle. Majayi a ja shi kaɗan-kaɗan, a taka da kurun, a sake ja, a kuma duba kafin a hau. Sannan babban almajirin nan ya riƙa hawansa minti goma kafin ɗanki, da kuma tsakiyar mako, don a goge masa karatun banzan da ya haddace.

In da wani doki mai sanyin hali a wurin, tsoho wanda ya san aikinsa, a ba ɗanki shi ya yi tsallensa na farko a kai, ya ji yadda abin yake in ya tafi daidai, ya ci gaba da hawan Ɗan Duniya a fili kawai. Ba na so a raba su gaba ɗaya. Ki bar shi ya riƙa zuwa da wuri yana goge shi, yana ba shi ruwa, yana jan sa da ragama yana tsayar da shi yana tayar da shi. Kurun da ya saba bin umarnin yaro a ƙasa ya fi saurin bin sa a sama. Ki kuma gaya masa cewa a manyan gasannin duniya an tanadi hukuncin turjiya a cikin doka, tarar maki 4 a karo na farko, a na biyu a fitar da mutum, don zakarun ma dawakinsu na ƙi musu.

Idan malamin ya ƙi duk wannan, ya ce shi ba a koya masa aiki, ko ya ci gaba da sa yara tsalle babu hula, ko kika ga ana aiki da dabba mai ciwo a baya, to surukarki ta yi gaskiya, a cire shi, ya yi hawan gida da babansa har Allah ya kawo wani wurin. Ita kuma Hajiya, tsoronta irin naki ne, ta dai riga ki faɗa. Ki kai mata hular ta riƙe a hannu ta ƙwanƙwasa, ki ce mata an sauke sanda ƙasa, kuma babansa zai riƙa tsayawa a wurin.

Bikin nan kuwa, santimita 60 ba na bana ba ne. Ki ce wa malam ɗanki zai fito, amma a kan sandunan ƙasa ko ƴar gicciyen nan, in har ya yi makonni yana wuce ta lafiya kafin ranar. In bai kai ba, ya shigo fili da Ɗan Duniya a goge, an tsefe masa geza, ya yi tafiya da sassarfa ya gaida iyaye ya fita. Ku yanke wannan tun yanzu ku gaya masa, kada ya yi ta kwana da santimita 60 a ciki. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda daren Juma'a ya koma, da abin da likitan dabbobi ya gani a bayan kurun. Ki gaida maigida, ki gaida Hajiya.

Kawu